Idan Aka Ce Za A Soke Dokar Hukumar Masu Buƙata Ta Musamman, Ga Ta Inda Za Ku Fara

Gwamna ba ya soke doka da baki, kwamishina ma haka. Wannan nake so kowane gurgu da makaho da kurma da zabiya, da kowace uwa mai rainon yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa a jihar Bauchi su fara riƙewa, domin yawancin ruɗanin da ke tashi a tsakaninmu daga nan yake somawa. Da safe a ji a rediyo an sauke shugabannin hukumomi, kafin la'asar saƙon murya ya gama zaga WhatsApp wai an rushe hukumar nakasassu. Sauke shugabanni daban, soke doka daban. Hukumar da doka ta kafa tana nan da ranta, ko da ofishinta a garƙame yake, har sai majalisar dokokin jiha ta yi wata dokar da ta kashe ta. Daga ranar da aka fara zancen zuwa ranar da aka sa hannu akwai ɗan tsakani, kuma abin da za a yi a cikinsa kusan duk aikin takarda ne da zirga-zirga.

Ni cutar shan inna ce ta kama ni tun ina ƙarami, a keke nake yawo, kuma abincina yana wani shagon buga takardu a wajajen kasuwar Wunti. Na daɗe ina riƙe wa 'yan'uwa alƙalami, ni ke buga wasiƙun ƙungiya, ni ake aika in kai. Abin da zan faɗa daga wannan kai-komon na samo shi, da kuma karatun kundin tsarin mulki na 1999, wanda duk mai waya zai iya saukewa kyauta.

Me zai sa ma a taɓa irin wannan doka? Kuɗi. Jiharmu tana cikin waɗanda suka riga gwamnatin tarayya, muna da hukumar kula da masu buƙata ta musamman tun kafin Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu wariya a watan Janairun 2019. To amma duk lokacin da lalitar gwamnati ta yi ƙasa, maganar haɗe hukumomi takan taso. Tun a 2012 kwamitin Stephen Oronsaye ya ba gwamnatin Goodluck Jonathan shawarar rage hukumomin tarayya da doka ta kafa daga 263 zuwa 161. Rahoton ya yi ta kwanciya, sai a Fabrairun 2024 gwamnatin Bola Tinubu ta ce a aiwatar da shi. Abin da aka fara a Abuja kuwa jihohi sukan kwaikwaya, kuma idan aka zo rage kashe kuɗi, hukumar da ba ta kawo haraji, mutanenta kuma ba su da mai tsaya musu a majalisar zartarwa, ita ake fara dubawa.

Duk da haka kada ku ji zancen sokewa ku ɗauki kwalaye ku hau titi. Akwai sokewar da alheri ce. Tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wadda tushenta na Turawan mulkin mallaka ne tun 1916, ta ɗauki mai taɓin hankali abin kullewa. A Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da ta maye gurbinta, kuma ban ji wanda ya yi kukan rabuwa da tsohuwar ba. Sau da yawa majalisa takan soke doka ta kafa sabuwa a cikin ƙuduri guda don a ƙara mata ƙarfi. Wata sa'a a soke a mayar da aikin ƙarƙashin wata ma'aikata, ya koma ɗan sashe mai tebur biyu a ƙarshen baranda. Wata sa'a kuma a soke kawai a yi shiru. Daga kanun labarai ba ka iya gane wanne ne a ciki, sai ka ga ƙudurin da idonka, ko an karanta maka shi ka ji da kunnenka.

Samo takardar tun da wuri

Ka rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga akawun majalisa a takarda mai tambarin ƙungiya, kana neman kwafin ƙudurin da kwafin dokar da ake son sokewa. Ka buga biyu. Ɗaya ka miƙa, ɗayar ka sa a buga maka hatimin karɓa, da kwanan wata, da sa hannun wanda ya karɓa. Kada ka bar wurin sai hatimin nan ya hau. Ko an ce mai riƙe da shi ya tafi salla, ka gyara kekenka a inuwa ka jira shi. Na sha kai wasiƙa ofisoshi daga baya a ce ba a taɓa ganinta ba, amma ban taɓa ganin an yi musu da hatimi ba. A cikin wasiƙar ka ambaci dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ofishin gwamnati kwana 7 ya ba da amsa. Sai dai kada ka koma gida ka zauna ƙirgen kwanaki. Sakataren kwamitin da abin ya shafa, ko hadimin ɗan majalisar mazaɓarku, sau tari zai bar ka ka ɗauki hoton shafukan da waya tun a ranar, idan ka roƙa da ladabi.

Dalilin gaggawar shi ne majalisa tana da ikon tsara yadda take gudanar da aikinta, sashe na 101 na kundin tsarin mulki ya ba ta wannan, don haka tana iya jingine ƙa'idojinta ta gama karatu na ɗaya da na biyu da na uku cikin ƙanƙanin lokaci. Duk mun gani a Kano. Ranar 23 ga Mayun 2024 majalisar jihar ta zartar da dokar da ta soke dokar masarautu ta 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu tun ranar. Ko wane ɓangare kake a waccan rigimar, ta nuna maka saurin da doka ke iya mutuwa idan masu iko sun shirya.

Ka kuma bincika daga ina ƙudurin ya fito. Idan daga gidan gwamnati ne, to lauyoyin ma'aikatar shari'a suka tsara shi, shugaban masu rinjaye zai gabatar, kuma gwamna yana jiransa da alƙalami a hannu. A irin wannan kada ku ɓata lokaci kuna fatan zai ƙi sa hannu, ku sa ƙarfinku wajen gyara abin da ke ciki. Idan kuwa wani ɗan majalisa ne ya kawo shi don kansa, fili ya fi yawa, har ana iya lallashinsa ya janye.

Da takardar ta shigo hannu, a watsa ta yadda kowa zai amfana. Makafi a karanta musu sashe-sashe a saƙon murya, da fassarar Hausa. Kurame a ɗaukar musu bidiyo da mai maganar hannu. Zabiya da sauran masu raunin gani a buga musu da manyan baƙaƙe. Idan ba a yi haka ba, mutum uku da suka iya Turanci su za su riƙa magana da yawun kowa, kuma na ga inda hakan ke ƙarewa.

Takarda mai gida biyu

Wannan shi ne ainihin aikin, kuma a nan aka fi yin ha'inci. Ka samu babbar takarda ka ja layi a tsakiya. A hagu ka rubuta duk abin da tsohuwar doka ta ba ku, ɗaya bayan ɗaya, da lambar sashensa. A dama ka rubuta inda abin ya koma a sabon ƙudurin. Duk inda gidan dama ya tashi babu komai, wannan asara ce, ko da an cika gabatarwar ƙudurin da daɗin baki.

Tambayar da nake fara yi ita ce: washegarin sokewar, ƙofar wa za a buga? A ce an hana yarinya mai farfaɗiya shiga aji, ko an tsallake kurma a ƙarin girma, ko direba ya sauke makaho a hanya don ya ƙi biyan kuɗin kujera biyu. Ina za su kai kuka, kuma wanda za su kai wa yana da ikon kiran wanda ake ƙara ya zo ya yi bayani? Idan amsar ita ce a kai wa ma'aikatar da makarantar nan take ƙarƙashinta, to an mayar da wanda ake tuhuma alƙalin kansa. Amfanin hukuma mai zaman kanta ke nan, ba ginin ba, ba motar shugaba ba. Darakta a ma'aikata ba zai rubuta rahoton da zai kunyata babban sakataren da ke sa hannu a takardar hutunsa ba. Ba mugunta ba ce, haka aikin gwamnati yake.

Sai ikon shiga a duba. Mu da ke da baki muna iya zuwa rediyo mu yi kuka. Waɗanda sa idon gwamnati ya fi yi wa amfani su ne waɗanda ke bayan katanga: yaran makarantun kwana na kurame da makafi, mazauna gidajen marayu, masu taɓin hankali da aka kai gidajen mari ko wurin masu magani. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa, har da yara. Wata guda bai cika ba aka sake samun irinsa a Daura. Iyaye ne da kansu suka kai yawancinsu, da kyakkyawar niyya, su biya kuɗi su koma gida, kuma babu wanda aikinsa ne ya leƙa ya ga yadda ake ciki. Don haka ku duba da kyau: wa ke yi wa irin waɗannan wurare rajista, wa ke da ikon shiga ba tare da sanarwa ba, sau nawa a shekara, kuma rahoton wa ake kai wa? Idan tsohuwar dokar ta ba da wannan iko, ku tabbata sabuwar ta ɗauko shi. Idan ba ta bayar ba, to ga dama ta samu, ku nemi a saka. Ziyarar da aka sanar tun mako guda ba dubawa ba ce, za ka tarar an share tsakar gida an dafa shinkafa.

Daga nan kuɗi. Hukumar da ke da layinta a kasafin kuɗi, kowa na iya buɗe kundin ya ga nawa aka ware mata, ya tambayi nawa aka sake. Da zarar ta narke cikin ma'aikata, kuɗinta ya shiga tukunya guda da na walwalar jama'a da na tarurruka, sai ka rasa ta inda za ka kama. Idan har haɗewar ba makawa, ku nace a rubuta a cikin dokar cewa sashen zai ci gaba da samun layin kansa.

Ku duba shugabanci kuma. A matakin tarayya, hukumar nakasassu ta ƙasa mai lalura ne ke riƙe da ita: James Lalu, wanda aka naɗa a 2020, kurma ne, Ayuba Gufwan da ya gaje shi a 2024 shan inna ce ta kama shi kamar ni. Ku ga ko sabon ƙudurin ya ajiye wa masu lalura kujeru a hukumar gudanarwa, ko ya ce wakilai kawai ya yi shiru. Ku ga ko an ambaci mata. Ku kuma lura da yadda aka rubuta kowane aiki, ko an ce wajibi ne a yi, ko an ce kwamishina yana iya yi. Na biyun ba ya ɗaure kowa.

Hukunci ma a auna shi da na tarayya. Dokar tarayya ta 2018, wato wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce wanda ya nuna wa mai lalura wariya zai biya tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun, kamfani kuwa naira miliyan 1. Ta ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara yadda mai keke zai iya shiga, wa'adin da ya cika tun Janairun 2024, duk da cewa har gobe sai an ɗauke ni cak kafin in shiga wasu bankuna. Duk ƙudurin jiha da ya zo ƙasa da wannan, ja da baya ne, ku faɗa ƙarara.

Abu na ƙarshe a takardar shi ne wanda kowa ke tsallakewa saboda yana can ƙarshen ƙudurin cikin Turanci mai kauri: tanadin riƙon ƙwarya. Ina ma'aikatan za su koma? Wa zai gaji fayilolin ƙorafin da ba a gama ba, da rajistar sunayen mutane, da kekuna da sandunan da ke sito? Yaushe sokewar za ta fara aiki? Ba a kwance rufin ɗaki da damina sai sabon kwano yana ƙasa. Ku nemi a rubuta cewa tsohuwar hukuma za ta ci gaba da aiki har ranar da aka rantsar da sabuwa.

Idan kun gama, ku nemi lauya ya duba muku. Ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasa, da hukumar ba da agajin shari'a, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, duk suna da mutane a jiha, kuma ba sa cajin irinmu. Ku je masa da takardarku mai gida biyu a hannu, aikinsa zai yi sauƙi, ku ma ba za a juya ku ba.

Daga wannan takardar za ku fitar da matsayarku. Shafi biyu ya isa. Ku faɗi ko ku su wane ne, sassan da kuka yarda da su, waɗanda ba ku yarda ba, sannan ga kowane ɗaya ku rubuta ainihin kalmomin da kuke so a sa a madadinsa. Ɗan kwamiti ba shi da lokacin tsara muku jimla, amma idan ya same ta a shirye yana iya ɗauka ya liƙa. A sa hannun kowane rukuni: reshen jiha na JONAPWD, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar nakasassu ta ƙasa, Sarkin Makafi, Sarkin Guragu, shugabannin kurame, masu lalurar laka, waɗanda suka warke daga kuturta, zabiya, da iyayen yara masu lalurar ƙwaƙwalwa. Takarda ɗaya. Ranar da kuka kai biyu masu karo da juna, kun ba kwamiti uzurin ya ce ku je ku daidaita kanku tukuna, shi kuwa ya ci gaba da aikinsa. Zan faɗi wata magana ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba: a irin wannan lokacin ne ake kiran shugabanni gefe a yi musu alkawarin kujera a sabon tsari. Maganinsa kada mutum ɗaya ya je ganawa shi kaɗai, kuma duk abin da aka tattauna a faɗa wa jama'a tun ranar.

Lissafin ƙuri'a

Majalisar dokokin Bauchi tana da kujeru 31. Sashe na 96 na kundin tsarin mulki ya ce kashi ɗaya cikin uku sun isa a zauna, wato mutum 11. Sashe na 98 ya ce rinjayen waɗanda ke wurin suka kuma jefa ƙuri'a shi ke yanke magana, mai jagorantar zaman kuma ba ya jefawa sai an yi kunnen doki. Ka lissafa da kanka: ranar da zauren ya yi fayau, mutum 6 na iya kashe dokar da ta shafi jihar gaba ɗaya. Don haka bai isa ɗan majalisa ya ce yana tare da ku ba, sai ya zo ranar, ya kuma buɗe baki.

Kada ku tattara ƙarfinku a cikin garin Bauchi kawai. Ɗan majalisar Gamawa ko Zaki ko Bogoro ba ya jin tsoron ƙuri'ata, domin ba a akwatinsa nake jefawa ba. 'Yan'uwanmu na Azare su je wa nasu, na Misau da Ningi da Toro da Dass da Alkaleri kowa ya je wa nasa, a gida, da safe kafin zaure ya cika. Mutum uku ko huɗu sun isa, a ciki da mace, kuma a je da katin zaɓe a aljihu.

Ku shirya wa abin da zai faru, don kusan kullum haka yake faruwa. Za ku gaisa, kafin ku gama gabatar da kanku hannunsa ya riga ya nufi aljihun babbar riga. Ya saba duk mai keke ko sanda da ya zo ƙofarsa abu ɗaya ya kawo shi. Na taɓa raka wani dattijo makaho irin wannan ziyarar, da ya ji ƙarar takardun kuɗi sai ya ɗaga hannu ya ce, "Honarabul, ranka ya daɗe, mun gode, Allah ya ƙara arziki. Yau ba wannan ta kawo mu ba. Sashe na kaza muka zo a kai." Mutumin ya tsaya ya dube mu, ya mayar da hannu, ya ce a kawo tabarma. Da muka fito na ce, "Baba, ai ko na mota ka bari mu karɓa." Ya ce, "Yaro, in ka karɓa ya sallame ka ke nan." Don haka ku yi karo-karon kuɗin mota tun kafin ku fita, don na san halin da ake ciki, ba kowa ke iya kau da kai ba idan aljihu babu komai.

Waɗanda suka fi muhimmanci su ne shugaban kwamitin da aka miƙa wa ƙudurin, da shugaban masu rinjaye, da kakaki. A kwamiti ake gyara doka. Da zarar rahoto ya dawo zaure aka yi karatu na uku, bakin alƙalami ya kusa bushewa.

Zaman jin ra'ayin jama'a

Kundin tsarin mulki bai wajabta shi ba, don haka sai kun nema, a rubuce, da hatimi. A wasiƙar ku faɗi abin da kuke buƙata dalla-dalla: zaure a ƙasa ko mai gangaren keke, tafintan kurame, izinin magana da Hausa, da sanarwa da wuri don na nesa su iso. Sashe na 97 ya ce da Turanci majalisa ke aiki, amma tana iya amincewa da wani harshen da ake yi a jihar, don haka neman Hausa ba roƙon alfarma ba ne. Na taɓa zuwa wani taro da aka shirya a kan nakasassu a saman benen wani otal. Samari biyu suka ɗauke ni, na uku ya biyo da keken. Kurame kuwa sun zauna a layin gaba tun safe har azahar suna kallon leɓɓan mutane, aka tashi aka rubuta cewa sun halarta.

Ku zaɓi masu magana tun a gida, kowa da sashensa, kowa minti uku. Kada a ɓata lokacin a kirari da godiya, gaisuwa ɗaya ta wadatar. Wanda ya fi tasiri a irin wannan zama, a ganina, ba mai digiri ba ne. Uwa ce da za ta miƙe ta ce ɗanta ba ya magana, shekararsa goma sha biyu, yana makarantar kwana, tana so a gaya mata wa zai riƙa leƙa shi idan an rufe hukumar. Ku ɗauki zaman a waya, ku kuma nemi kwafin rahoton kwamiti idan ya fito, ku gwada da abin da kuka faɗa.

A gefe guda a riƙa magana a rediyo, don ita ce ke isa ƙauye, kuma 'yan majalisa na saurare. BRC da Globe da Albarka duk suna da shirye-shiryen kiran waya. Ku ambaci lambar sashe, ku guji zagi, domin ranar da kuka zagi mutum kun ba shi dalilin yin taurin kai. Ku kai wa masarautu takardar, ku kai wa limamai da fastoci. Limamin da ya san dalilin saukar Suratu Abasa, a kan Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Idan an zartar duk da haka

Sashe na 100 ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, majalisa ba za ta iya tsallake shi ba sai da kashi biyu cikin uku, wato 21 idan aka lissafa da duka 31, ka ga mutum 11 sun isa su tare hanya. A wannan tsakanin ku kai takardarku ga kwamishinan shari'a da sakataren gwamnatin jiha, ku nemi a mayar da ƙudurin majalisa da gyara.

Kotu tana nan, amma kada a yaudare ku. Da wuya alƙali ya hana majalisa yin doka, tunda aikinta ne. Abin da ake iya kai wa kotu shi ne an saɓa ƙa'idar da kundi ya shimfiɗa, ko an tauye wa wani takamaiman mutum haƙƙinsa. Lauyanku zai iya jingina da sashe na 42 kan wariya, da sashe na 18 na yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan'adam, wadda Najeriya ta mayar dokar cikin gida tun 1983, ta kuma ce tsofaffi da nakasassu suna da haƙƙin kariya ta musamman. Ƙa'idojin shigar da ƙarar haƙƙin ɗan'adam na 2009 sun kuma ba ƙungiya dama ta shigar a madadin wanda ba zai iya ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, wadda Najeriya ta amince da ita a 2010, tana da amfani wajen kafa hujja. Dokar tarayya ta 2018 kuwa majalisar jiha ba ta da ikon taɓa ta, kuma ana iya kai kuka ga hukumar ta ƙasa.

Kafin a kulle ofis, duk mai ƙorafi a gaban tsohuwar hukuma ya je ya karɓi kwafin fayil ɗinsa da lambarsa. A ƙa'idar fassara dokoki, sokewa ba ta shafe haƙƙin da mutum ya riga ya samu, ko shari'ar da aka riga aka fara, amma sai kana da takardar da za ka nuna.

Akwai kuma hanyar kashe hukuma da ba ta bi ta zauren majalisa ko kaɗan, ita ce ma aka fi bi: a bar dokar a littafi, a ƙi naɗa shugabanni, a ƙi sakin kuɗi. Wannan ana gane ta ne a kasafin da gwamna ke gabatarwa wajen ƙarshen shekara. Ku sa mutum biyu su riƙa neman kundin, su duba layin hukumar, su gwada da na bara, su kuma tambayi nawa aka sake a zahiri. Idan sun ga rami, sashe na 128 ya ba majalisa ikon binciken yadda ake aiwatar da dokokinta da yadda ake kashe kuɗin da ta ware. Ku rubuta wa kakaki takardar koke ta hannun ɗan majalisarku, ku nemi a kira masu riƙe da kuɗin su yi bayani a gaban kwamiti, kuma a sanar da ku ranar zaman.